Yawon Buɗe Ido a Koriya ta Arewa

Yawon buɗe ido a Koriya ta Arewa harka ce da gwamnati ke riƙe da ita ɗungurungum, tun daga bayar da biza har zuwa zaɓen otal da hanyar da motar baƙi za ta bi. Ƙasar tana arewacin zirin Koriya a gabashin Asiya, tana iyaka da Sin da Rasha da Koriya ta Kudu, kuma babban birninta shi ne Pyongyang. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 120,000, wato ya ninka jihar Sakkwato fiye da sau huɗu, mutanenta kuwa ana ƙiyasta su da kusan miliyan 26. Agogonta yana gaban na Nijeriya da awa takwas, saboda haka lokacin da ake sallar Azahar a Sakkwato dare ya riga ya yi a can. Ƙofar ƙasar ba ta da tabbas, domin ana buɗe ta ana rufe ta gwargwadon yadda siyasa ta juya.

Tushen keɓewar ƙasar

Japan ta mulki zirin Koriya daga 1910 zuwa 1945. Da aka ci ta a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Tarayyar Sobiyet suka riƙe arewa, na Amurka suka riƙe kudu, har aka kafa gwamnatoci biyu a 1948, ta arewa a ranar 9 ga Satumba ƙarƙashin Kim Il Sung. Yaƙin da ya ɓarke a watan Yunin 1950 ya rusa kusan dukkan biranen arewa da ruwan bama-bamai, kuma ya tsaya ne da yarjejeniyar tsagaita wuta da aka sa wa hannu a Panmunjom, wani ƙauye da ke kan iyakar ƙasashen biyu, ranar 27 ga Yulin 1953. Ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba har yau. Tsakanin ƙasashen biyu akwai zirin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 250 da faɗin kilomita 4, wanda yake cikin iyakokin da suka fi ko'ina yawan soja a duniya.

Gida ɗaya ne ya mulki ƙasar tun kafuwarta. Kim Il Sung ya rasu a 1994, ɗansa Kim Jong Il ya gaje shi har zuwa Disamban 2011, sannan ɗan Kim Jong Il, wato Kim Jong Un, ya hau. Aƙidar da gwamnati ke koyarwa ana kiranta Juche, ma'anarta dogaro da kai, kuma da ita ake kafa hujjar taƙaita cuɗanya da waje.

Farkon zuwan baƙi

An kafa kamfanin gwamnati mai kula da matafiya na ƙasashen waje a 1953, kuma shekaru da dama baƙin da yake karɓa yawanci wakilan ƙasashen gurguzu ne da ƙungiyoyin sada zumunta. Turawan Yamma sun fara samun shiga a matsayin masu yawon buɗe ido ne wajen ƙarshen shekarun 1980. A 1993 wani ɗan Birtaniya, Nicholas Bonner, ya kafa kamfanin Koryo Tours a Beijing tare da abokinsa, kuma kamfanin ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin da Turawa ke bi. Wannan ya zo daidai da shekarun yunwar da ta biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet da ambaliyar tsakiyar shekarun 1990, wadda ƙiyasin waɗanda ta kashe ya kama daga dubban ɗaruruwa zuwa fiye da miliyan biyu.

Shanun Chung Ju-yung da Dutsen Kumgang

Babin da ya fi kowane girma a tarihin wannan harka ya fara ne da shanu. Chung Ju-yung, wanda ya kafa kamfanin Hyundai, haifaffen wani ƙauye ne a yankin Tongchon da ya faɗa ɓangaren arewa bayan rabuwa. Yana saurayi ya ɗauki kuɗin saniyar da mahaifinsa ya sayar ya gudu Seoul, wanda a yau shi ne babban birnin Koriya ta Kudu, neman arziki. Bayan fiye da shekara sittin, a ranar 16 ga Yunin 1998, ya ƙetara iyaka ta Panmunjom da shanu 500 cikin manyan motoci, ya sake komawa da 501 a watan Oktoba, jimilla 1,001, wato saniya ɗaya ta bashin mahaifinsa da dubu a kanta. Duk wanda ya tashi a ƙasar da ake biyan sadaki da diyya da garke zai gane nauyin wannan kyauta ba tare da an yi masa bayani ba, kuma da alama shugabannin Pyongyang ma sun gane, domin watanni kaɗan bayan haka suka amince mutanen kudu su riƙa ziyartar Dutsen Kumgang.

Kumgang jerin duwatsu ne a kudu maso gabashin ƙasar, kusa da teku, masu ƙoramu da magangarun ruwa da tsofaffin wuraren ibadar mabiya Buddha, kuma mawaƙan Koriya da masu zanenta sun shafe ƙarnoni suna yabon su. Jirgin ruwa na farko ya tashi daga kudu a watan Nuwamban 1998, sannan aka buɗe hanyar mota a 2003. Hyundai ta gina otal-otal da tashar jirgin ruwa da gidajen abinci, tana kuma biyan gwamnatin arewa kuɗi masu yawa. An killace yankin da shinge don kada baƙi su haɗu da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, amma duk da haka kusan mutum miliyan biyu suka je cikin shekara goma, da yawansu tsofaffi ne da aka haifa a arewa, waɗanda burinsu bai wuce su taka ƙasar da aka binne cibiyarsu ba. A nan ne kuma aka riƙa haɗa iyalan da yaƙi ya raba, inda wa da ƙanwa da suka yi shekara hamsin ko sittin ba su ji ɗuriyar juna ba za su zauna na kwana biyu ko uku, sannan kowa ya hau motarsa, mafi yawansu ba su sake ganin juna ba. Haɗuwa ta ƙarshe an yi ta a watan Agustan 2018.

Shirin ya tsaya a ranar 11 ga Yulin 2008, lokacin da wani sojan arewa ya harbe wata mata 'yar kudu mai shekara 53 da ta fita yawo da asuba a bakin teku. Pyongyang ta ce ta shiga yankin soja ta ƙi tsayawa, Seoul ta nemi a yi binciken haɗin gwiwa, ba a amince ba. Ziyarar mutanen kudu zuwa birnin Kaesong na arewa, kusa da iyaka, da aka fara a Disamban 2007 ita ma ta mutu kafin 2008 ta ƙare. A watan Oktoban 2019 Kim Jong Un ya ba da umarnin a kawar da gine-ginen da mutanen kudu suka bari a Kumgang. Hukumar UNESCO ta sa dutsen cikin wuraren tarihi na duniya a watan Yulin 2025, bayan kaburburan daular Koguryo a 2004 da gine-ginen Kaesong a 2013.

Yadda ake tafiyar da baƙo

Ba a shiga ƙasar sai ta hannun kamfanin da gwamnati ta yarda da shi, kuma sau da yawa ana bayar da bizar a takarda daban wadda ake karɓewa wajen fita. Mafi yawan matafiya sun saba bi ta Beijing, ko dai a jirgin saman Air Koryo na kusan awa biyu, ko a jirgin ƙasa na kusan kwana guda da ke ƙetara kogin Yalu daga Dandong zuwa Sinuiju. 'Yan Koriya ta Kudu ba sa samun wannan biza, 'yan jarida kuma suna buƙatar izini na musamman.

Daga isowa har zuwa tashi, kowane ayari yana tare da 'yan rakiya aƙalla biyu da direba. Wanda ya san yadda fatake ke sauka a zango a hannun fatoma, wanda zai ba su masauki ya tsaya musu a ciniki ya kuma amsa tambaya idan sun yi laifi, zai fahimci rabin aikin ɗan rakiya. Sauran rabin shi ne tsaro, domin baƙo ba ya fita daga otal shi kaɗai ko da zuwa bakin titi ne, kuma otal ɗin Yanggakdo mai hawa 47 da aka fi saukar da baƙi a cikinsa yana kan tsibiri a tsakiyar kogin Taedong. Idan baƙo ya karya doka, ɗan rakiyarsa na iya ɗanɗana kuɗarsa bayan shi ya tafi, kuma wannan ya fi kowace barazana sa mutane su natsu. An hana ɗaukar hoton soja da wuraren gini, ba a naɗe jarida ta kan fuskar shugaba, kuma hoton mutum-mutumin shugabanni dole ya fito cikakke. Tun Janairun 2013 an bar baƙi su shiga da wayoyinsu, amma layin da ake sayar musu ba ya kiran layin 'yan ƙasa, su kuwa 'yan ƙasa ba su da intanet sai wata kafa ta cikin gida mai suna Kwangmyong. Baƙi suna ciniki da yuro ko yuwan ko dala.

Akwai abubuwan da ya kamata Musulmi ya sani tun kafin ya biya kuɗi. A tudun Mansudae da ke Pyongyang, inda mutum-mutumin Kim Il Sung na 1972 da na ɗansa na 2012 suke tsaye da tsawon kusan mita 20, ana sa ran ayari su ajiye furanni su rusuna, haka ma a fadar Kumsusan inda aka ajiye gawarwakin mutanen biyu. Masallacin da aka sani a ƙasar yana cikin harabar ofishin jakadancin Iran. Naman alade ya yawaita a abinci, kuma barin littafin addini a baya laifi ne babba, kamar yadda wani Ba'amurke ya gani a 2014 da aka tsare shi watanni saboda ya bar Baibul a birnin Chongjin.

Wuraren da ake kai baƙi

A Pyongyang akwai Hasumiyar Juche mai tsawon mita 170 da aka kammala a 1982, da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1973, da gidan tarihin yaƙi inda aka ajiye Pueblo, jirgin ruwan leƙen asirin Amurka da aka kama a Janairun 1968. Otal ɗin Ryugyong mai hawa 105, da aka fara gininsa a 1987, ana hango shi daga ko'ina amma bai karɓi baƙo ba. A filin wasa na Rungrado aka riƙa yin wasan gangami na Arirang daga 2002 zuwa 2013, inda dubban ɗalibai ke ɗaga alluna masu launi su haɗa hoto guda. A Dutsen Myohyang akwai gidan kyaututtukan da shugabannin duniya suka aiko, ciki har da na Afirka. Dutsen Paektu mai tsawon mita 2,744 shi ne mafi tsawo a zirin.

Rufewa da sake buɗewa

A watan Oktoban 2014 ƙasar ta hana masu yawon buɗe ido shiga saboda tsoron cutar Ebola da ke Afirka ta Yamma, ba ta janye ba sai Maris ɗin 2015. A Janairun 2016 aka kama ɗalibi Ba'amurke Otto Warmbier bisa zargin yunƙurin sace allon farfaganda a otal, aka yanke masa shekara 15 na aiki mai wahala, aka mayar da shi gida a Yunin 2017 ba ya cikin hayyacinsa, ya rasu bayan kwanaki kaɗan. Amurka da Koriya ta Arewa sun saɓa kan musabbabin. Tun 1 ga Satumban 2017 Amurka ta haramta shiga ƙasar da fasfonta.

Kafin annobar korona, Turawan Yamma da ke zuwa ba su wuce kimanin 5,000 a shekara ba, Sinawa kuwa an ƙiyasta sun kai wajen 300,000 a 2019. A Janairun 2020 aka rufe iyaka gaba ɗaya, kuma ta shekara huɗu a rufe ga masu yawon buɗe ido. Ayarin farko da ya dawo, a Fabrairun 2024, Rashawa ne kusan ɗari daga Vladivostok da suka je wasan zamiya kan ƙanƙara a Masikryong. Hakan ya dace da kusancin da ya kai ga ziyarar Vladimir Putin da yarjejeniyar tsaro a Yunin 2024, da tura sojojin Koriya ta Arewa yankin Kursk na Rasha. A daidai wannan lokaci Kim Jong Un ya yi watsi da manufar haɗewa da kudu, aka rushe ƙofar haɗin kai da ke mashigar Pyongyang a Janairun 2024. An buɗe yankin Rason, da ke kusa da iyakar Sin da Rasha, ga Turawan Yamma a Fabrairun 2025 aka rufe shi bayan kamar mako uku, a Afrilu kuma aka bar baƙi su shiga gudun fanfalaki na Pyongyang. Wurin shaƙatawa na Wonsan-Kalma a bakin teku, wanda gwamnati ta ce zai ɗauki mutum 20,000, ya fara aiki a ranar 1 ga Yulin 2025.

Muhawara kan dacewar ziyara

Masu suka suna cewa kuɗin baƙi yana shiga aljihun gwamnatin da ta yi gwajin nukiliya sau shida tsakanin 2006 da 2017, wadda kuma kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya zarga a 2014 da laifukan cin zarafin bil'adama a sansanonin fursunoni. Pyongyang ta musanta zargin. Masu goyon baya suna cewa ko gajeriyar gaisuwa tana rage tsoron da ke tsakanin mutane. Takunkumin Majalisar bai haramta yawon buɗe ido kai tsaye ba.

Alaƙa da Nijeriya

Ƙasashen biyu sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1976, kuma Koriya ta Arewa tana da ofishin jakadanci a Abuja. Babu jirgin da ke haɗa su kai tsaye, don haka matafiyi daga Sakkwato sai ya bi ta Abuja ko Legas zuwa Sin ko Rasha. Wani sanannen aikin hannun ƙasar a Afirka ta Yamma yana Dakar, inda masu sassaƙa na ɗakin fasahar gwamnati mai suna Mansudae suka gina mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka da aka ƙaddamar a 2010.