Alƙali Mai Hannun Jari: Yadda Masu Aƙidar Mulkin Ƙwararru Ke Kallon Dokar Janyewa Daga Shari'a

Dokar Amurka a kan alƙalin da aljihunsa ke da ruwa da shari'ar da ke gabansa ba ta da kwana-kwana. Tana sashe na 455 a kundi na 28 na dokokin tarayya, kuma tun gyaran da aka yi mata a 1974 abin da ta ce shi ne: idan alƙali ya san cewa shi, ko abokin aurensa, ko ƙaramin ɗansa da ke zaune a gidansa yana da hannun jari a kamfanin da ya kawo ƙara ko wanda aka yi ƙara, to ya tashi ya ba wani kujerar. Komai ƙanƙantar jarin. Ko da masu shari'ar duka biyu sun ce sun yarda da shi, doka ba ta karɓar wannan yafiyar.

Ƙa'idar ta daɗe. A Ingila, a 1852, Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ke zaman kotun ƙoli, ta rushe hukuncin da alƙali Lord Cottenham ya yanke yana ba wani kamfanin hanyar ruwa gaskiya saboda yana da jari a cikinsa, ba tare da kowa ya ce jarin ne ya karkatar da shi ba. A 1927 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin wani magajin gari a jihar Ohio da ke zaman alƙalanci, wanda dala 12 ke shiga aljihunsa idan ya kama mutum da laifi, idan ya sallame shi kuwa ya tashi a tutar babu.

Masu aƙidar mulkin ƙwararru, wato masu ganin a damƙa tafiyar da al'amura a hannun masana da tsarin da ake iya aunawa maimakon 'yan siyasa, sun yarda da dokar, amma ba su yarda da yadda ake aiwatar da ita ba. Tambayar ko alƙali mutumin kirki ne ba ta dame su ba. Abin da suke dubawa shi ne wa ke yanke hukuncin janyewar. Amsar kuwa ita ce alƙalin da kansa. Shi zai tuna abin da ya mallaka, shi zai duba sunayen masu shari'a, shi zai ce ya dace ya zauna ko bai dace ba. A wurinsu an ba kura ajiyar nama ke nan, ko da kurar ta tuba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ta fito a Satumbar 2021, lokacin da jaridar Wall Street Journal ta gano alƙalan tarayya 131 sun saurari shari'o'i 685 tsakanin 2010 da 2018 alhali su ko iyalansu na da jari a kamfanonin da ke cikin shari'ar. Da yawansu sun ce kuskure ne na ofis, ko sun manta, ko jerin sunayen da ake tantancewa da shi ne bai cika ba. Abin lura shi ne tun 2006 aka wajabta wa kotunan amfani da manhajar kwamfuta mai gwada sunayen masu ƙara da jerin kadarorin alƙali. Sai dai manhajar abin da aka zuba mata kawai take gani. Idan alƙali ya sayi jari jiya bai shigar ba, ko kamfanin ya zo kotu da sunan reshensa, za ta wuce shi salin alin. A Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta tilasta wa alƙalai bayyana duk cinikin hannun jari da ya haura dala 1,000 cikin kwana 45, a kuma ɗora bayanan a intanet kowa ya gani.

Bayyana kadara bai gamsar da masu wannan aƙida ba, janyewar ma kanta asara suke ɗaukarta. Alƙalin da ya fi kowa sanin harkar banki ko ta magunguna, shi ne sau da yawa ke da jari a can, idan ya tashi kuwa iliminsa ya tashi da shi. A Kotun Ƙoli abin ya fi muni don babu mai maye gurbi. A 2008 alƙalai huɗu cikin tara suka janye daga ƙarar da waɗanda mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu ya cutar suka shigar a kan manyan kamfanoni. Uku saboda jari, ɗaya saboda aikin ɗansa. Doka na buƙatar alƙalai shida, biyar suka rage, sai hukuncin kotun ƙasa ya zauna ba tare da an duba shi ba.

Don haka maganinsu shi ne a raba alƙali da jarin tun ranar rantsuwa. Ya sayar, ya zuba kuɗin a asusun haɗaka mai ɗauke da ɗaruruwan kamfanoni wanda ba shi ke juya shi ba. Sashe na 455 ya riga ya ce irin wannan ba ya cikin abin da ke sa a janye. Tun 2006 ma an ba alƙalai damar jinkirta biyan harajin riba idan sun sayar don kauce wa wannan matsala. A biya su albashi mai tsoka, a bar kwamfuta ta raba shari'o'i ta hanyar ƙuri'a, wani daban ya riƙa duba buƙatar janyewa. A nan ina tare da su, don hannun jari abu ne mai lamba, ana ƙirga shi.

Inda ƙafarsu ke sanyi shi ne kuɗin da ba ya shiga fom ɗin bayyana kadara. A jihar West Virginia, shugaban kamfanin kwal na Massey ya kashe kusan dala miliyan 3 wajen ganin an zaɓi wani lauya alƙalin babbar kotun jihar, a daidai lokacin da diyyar dala miliyan 50 ke kan kamfanin. Alƙalin ba shi da jari ko ɗaya a Massey. Ya ƙi janyewa, kuma da ƙuri'arsa aka soke diyyar, uku da biyu. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ya kamata ya janye, amma da rinjayen biyar da huɗu, Alƙalin Alƙalai John Roberts kuma ya jero tambayoyi 40 yana neman a faɗa masa nawa ne kuɗin da ya yi yawa, kuma bashin godiya shekara nawa yake yi kafin ya goge. Babu manhajar da ke da amsar. Haka kyauta, da tafiye-tafiyen da attajirin aboki ya biya, da aikin da alƙali ke hangen samu bayan ya yi ritaya.

Akwai kuma tambayar wa zai sa ido a kan na sama. Duk hukumar ƙwararrun da aka kafa don ta ce wa alƙali tashi, wani ne zai naɗa ta, kuma nan 'yancin kotu ke shigowa. A Nuwambar 2023 Kotun Ƙolin ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a na farko a rubuce ga alƙalanta tara, ba ta sa mai tilasta bin su ba, kowannensu shi ke ci gaba da yanke wa kansa ko zai zauna ko zai tashi.