Taskace Darussan Aiki a Fannin Jiragen Sama da Kumbo

Taskace darussa tsari ne da injiniyoyi, matuƙa da makanikan jiragen sama ke bi wajen rubuta abin da aiki ya koya musu, musamman inda aka yi kuskure, don na baya su amfana. Kusan haka maƙeri a ƙauyen Jigawa ke nuna wa yaronsa inda garma ta saba karyewa, sai dai a nan rubutawa ake yi, saboda ma'aikaci kan yi ritaya ya tafi da abin da ke kansa.

Tarihi

Galibi ana danganta asalin takardar da matuƙa ke bi layi-layi kafin tashi da haɗarin jirgin gwaji Boeing 299 a Amurka a 1935, inda aka tashi ba a kwance makullin sarrafa jirgin ba.

A 1954 jiragen Comet biyu na Birtaniya suka tarwatse a sama. Masu bincike a cibiyar binciken jirage ta Farnborough a Ingila suka saka gangar jikin wani Comet cikin ƙaton tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa, har ƙarfen ya gaji ya tsage. Ba a ɓoye sakamakon ba, sauran masu ƙera jirage ma suka ƙaru da shi.

Abin takaici, rubutu kaɗai ba ya wadatarwa. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi, mutum bakwai suka rasu. Sanyi ne ya sandarar da wani zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar da ke cilla kumbon, alhali injiniyoyi sun yi gargaɗi tun da daddare. A 2003 aka sake rasa mutum bakwai a kumbon Columbia, kwamitin bincike kuma ya gano cewa ɗabi'ar sabawa da ƙananan matsaloli ta dawo NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka.

Halin yanzu

Tun 1976 NASA ke karɓar rahoton kuskure daga ma'aikatan jirage tare da sakaya sunansu.

A Najeriya

Ga mutanen karkarar Kano da Jigawa, waɗanda da yawansu aikin Hajji ke fara sa su hawa jirgi, zancen ba na nesa ba ne. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Yanzu NSIB, hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, ke binciken irin wannan, kuma a ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, manufar binciken ita ce hana maimaituwa, ba ɗora laifi ba. A fannin kumbo kuwa, NigComSat-1, tauraron ɗan'adam na sadarwa na Najeriya, ya lalace a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, aka harba madadinsa a Disambar 2011.