Duka da tsawa ba sa hana kare haushi

An daɗe ana cewa maganin kare mai yawan haushi shi ne sanda ko tsawa. Ba abin mamaki ba ne, domin da an daka masa tsawa yakan yi tsit. Sai dai shirun na tsoro ne, kuma karen da ke cikin tsoro ya fi saurin yin haushi gobe.

Haushi yana da dalili: ɗauri tun safe har dare, ƙishirwa, kaɗaici, ko motsin masu wucewa da yake hangowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Kamar sanda da tsawa, na'urar hana kare haushi mai fitar da siririyar ƙara ita ma ba ta kawar da dalilin. Kunnen mutum yana tsayawa ne wajen haz 20,000 (haz shi ne ma'aunin sirantar ƙara), na kare kuwa ya wuce 40,000, shi ya sa take damunsa mu ba ma ji. Amma karnuka da yawa sukan saba da ita, su ci gaba da abinsu.

Gwada da kanka. Yi mako guda kana rubuta lokacin da ya fara haushi da abin da ke gabansa. In ƙofa ce, toshe kafar. In ɗauri ne, zagaya da shi da yamma. Da ya yi shiru, miƙa masa ɗan nama.

A taimaka a tura wa maƙwabta masu karnuka.