Waiwaye: Yadda Rage Cin Abinci Ya Kai Masana Ga Ƙofofin Kalsiyam a Ƙwaƙwalwa

Maganar rage ƙiba ta yi zafi a 'yan shekarun nan. Wasu sun ce a ci sau ɗaya a yini, wasu na ƙirga kalori kamar mai shago na ƙirga canji, ga kuma mata na kukan al'adarsu ta ɗauke bayan watanni kaɗan suna ƙuntata wa cikinsu. Ana ta jayayya kamar jiya abin ya ɓullo, alhali ya kusa shekara ɗari a hannun masana.

Farkon labarin kowa ya sani. A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi tsawon rai. Daga 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya gwada yunwa a kan maza 36 a Minnesota, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, sanyi ya addabe su, sha'awa ta mutu. An gano leptin, wani homon (sinadarin da ke kai saƙo a jiki ta cikin jini) da kitse ke fitarwa, a 1994, aka gano ghrelin, homon ɗin yunwa, a Japan a 1999.

Amma abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a New York, a hannun wani masanin magunguna ɗan asalin Sikotlan, William Douglas. A 1961 shi da Ronald Rubin suka ɗauki ƙullun da ke saman ƙodar kyanwa, wanda ke fitar da adiranalin, suka riƙa ratsa shi da ruwan gishiri. In akwai kalsiyam a ruwan, aka zuga ƙullun, homon ya fito. In aka cire kalsiyam, shiru. A 1964 Douglas da Alan Poisner suka maimaita gwajin da ɓangaren baya na fituwitarin ɓera, wato ƙaramin ƙullun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin haifotalamus, sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da yunwa da ƙishi, ke sakin homon mai hana jiki zubar da ruwa. Sakamakon bai sauya ba. Daga nan aka fahimci cewa ƙwayar halitta tana tara homon ne a 'yan jakunkuna, kuma ba ta buɗe bakinsu sai kalsiyam ya shigo ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin fatarta. Ba ƙiba Douglas yake bincike ba, shi ya sa masu gardamar abinci ba su waiwaye shi ba. Ni a ganina nan ne aka bar baya da ƙura: an ɗauki jiki tamkar buhu da ake ɗorawa a sikeli, aka manta akwai mai gadi a ƙwaƙwalwa da ke lura da abin da ya shiga.

A 1978 Ernst Knobil ya nuna a jikin birai cewa homon ɗin da ke tayar da haihuwa dole ya fito bugu-bugu, kusan sau ɗaya a awa, in ba haka ba fituwitari ya yi biris da shi. Kowane bugu kuwa da kalsiyam yake tafiya. A 2015 masu bincike a La Plata ta Ajantina suka nuna cewa makarɓin ghrelin, wato wurin da homon ɗin ke maƙalewa a jikin ƙwayar halitta, yana rage kwararar kalsiyam ta ƙofofi iri biyu, Cav2.1 da Cav2.2, a jijiyoyin haifotalamus na ɓera. Ghrelin kuwa hawa yake yi idan ciki ya daɗe babu komai.

Anne Loucks ta Jami'ar Ohio ta riga ta ga tasirin rage abinci a kan bugun homon a jikin mata tun 2003. Da ta rage kuzarin abinci da ke saura wa jikinsu bayan motsa jiki zuwa ƙasa da kalori 30 a rana a kowane kilo na naman da ba kitse ba, bugun homon ɗin da ke sa ƙwai ya nuna ya ja baya cikin kwana biyar kacal.