Kibod mai ƙas-ƙas: tambayoyin da ake ta yi mani a shago

Tun da na kawo kibod ɗin nan shagona na buga takardu nan wajen Ƙofar Ƙaura, duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya ce Malam wannan ƙarar ta mi ce, dattawa kuma su ce kamar tafiretar ofis ta da. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tattara tambayoyin nan wuri guda.

Wai mi ke kawo ƙarar, ko bugu da ƙarfi ne?

Ko ɗaya. Kibod ɗin da muka saba da shi shimfiɗar roba ce guda a ƙarƙashin maballai, shi kuwa wanda ake ce ma mekanikal kowane maballi da suwic ɗinshi, da ɗan sifirin a ciki. Suwic ɗin da aka fi sani kala uku ne, akwai ja mai sauka sulɓ ba gargada, akwai ruwan ƙasa mai ɗan tudu da yatsa ke ji amma ba ya ihu, sai shuɗi, shi ne namu mai ƙas-ƙas. Na taɓa ɓalle shuɗin suwic guda ɗaya da ake kira Cherry MX Blue don in gani da idona, ashe sandar ciki kashi biyu ce, akwai wata 'yar farar roba da ke sanye jikinta tana sama da ƙasa, in ka danna sai ta ɗan maƙale a jikin ƙarfen sannan ta ƙwace ta bugi ƙasa, wannan bugun shi ne ƙas ɗin. Yana faruwa ne wajen milimita 2.2 alhali duka zurfin maballin milimita 4 ne, kenan da ka ji ƙarar harafi ya riga ya shiga, ba sai ka kai ƙasa ba. Ni abin da ya kama ni da shi kenan, in ina buga furojet ɗin ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa idona na kan takarda kunne na gaya mani ko na tsallake harafi.

Duk shuɗi ɗaya ne?

Ina! Cherry kamfanin Jamus ne, su suka fito da MX tun farkon shekarun 1980, bayan wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare sai kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka cika kasuwa, yawancin masu araha da ke zuwa mana Outemu ne a ciki. Kailh ɗin ma sai suka zo da wata dabara daban a suwic ɗinsu na Box White da Jade da Navy, ɗan siririn ƙarfe ne a kwance kamar allura, sandar ta tanƙwara shi ya sake, shi ya sa yake ƙara in ka danna ya kuma ƙara in ka saki. Ƙararshi ta fi tsabta gaskiya, ba wannan ƙwaram-ƙwaram na roba. Jade ƙarfenshi ya fi kauri, Navy kuma ga kauri ga sifirin mai nauyi, in yatsunka ba su saba ba kafin la'asar za ka ji a jikinka. Akwai kuma tsohon kibod mai ƙara, IBM Model M na 1985, shi sifirin ɗin ne da kanshi ke lanƙwashewa ya yi ƙarar.

Yaya, zai yi mani gem?

Ƙanena ne ke wannan tambayar kullum. Zai yi, amma ba don shi aka yi shi ba, don inda shuɗi ke sakin harafi ya fi inda yake kama shi sama, dole ka ɗaga yatsa sosai kafin ka sake dannawa, mai son danne-danne da sauri ja ya fi mashi.

To za a iya rage mashi ƙara?

Nan ne mutane ke asarar kuɗi. Akwai 'yan zobban roba da ake sa ma maballi a ƙasa, suna rage ƙarar bugun ƙasa ne kawai, ƙas ɗin na can cikin suwic ba ruwanshi da zobe. Kada kuma ka biye ma masu cewa a sa mai, ja da ruwan ƙasa ake shafa ma mai, in ka sa ma shuɗi farar robar nan ta manne, ƙarar ta mutu rabi da rabi, wani maballi na yi wani ba ya yi. Ni ranar da na tafi da shi gida aikin dare, ko shafi biyu ban yi ba uwargida ta leƙo ta ce Baban Ummi don Allah ko ka bar mu mu yi barci, ga yarinya ta farka, washegari na maida shi shago. In ɗakin da kake aiki akwai wasu, ko kana yawan taro ta Zoom, ka haƙura ka sayi ruwan ƙasa kawai.

Ƙurar hunturu fa?

Ita ce babbar abokiyar gaba a garin nan. In ta shiga sai ka danna harafi ɗaya ya fito biyu, ko ƙarar ta dushe. Na Box ɗin sun fi jurewa don an rufe ƙarafunan cikin wani ɗan akwati. Ni dai tsohon rawani nake rufa mashi in zan tashi, ranar Juma'a in hure shi da abin hura iska.

Mi zan duba kafin in biya?

Fara cire maballi guda, in ka ga kan suwic mai alamar + mai launi to na gaske ne, in roba ka gani a ƙasa ka aje masu kayansu ko da an rubuta mekanikal a kwali da fitilu kala-kala. Sannan ka tambaya ko suwic ɗin na zarewa da hannu ba sai an narkar da dalma ba, don in guda ya lalace ka canja shi kaɗai. Akwai mai ƙafa 3 akwai mai 5, in allon kibod ɗinka na 3 ne suwic ɗin kuma mai 5, sai ka datse ƙafafun robar nan biyu da abin yanke farce ya zauna. Amma wasu ramukan Outemu matsattsu ne, Gateron ko Kailh ba ya shiga, in ka tilasta sai ƙafar ta lanƙwashe, don haka ka tafi da suwic ɗinka guda a aljihu ka gwada a gaban mai kaya.