Ma'anar Kalma: "Prince" a Faransa, da Yadda Gidan Broglie Ya Gaji Laƙabin

Ɗaliban fiziks sun san Louis de Broglie, Bafaranshen da ya nuna a kundin digirinsa na uku, a 1924, cewa ƙwayar ilektiron ma tana da ɗabi'ar igiyar ruwa. Da aka ba shi kyautar Nobel a 1929, da "Prince" aka fara rubuta sunansa. A 1960 yayansa Maurice ya rasu, sai littattafai suka koma kiransa "duc". Wanda ya saba fassara prince da yarima zai ɗauka an sauko da mutumin daga doki an ɗora shi a jaki. Ƙarin girma ya samu, kuma dalilin yana cikin yadda Faransawa suke amfani da kalmar.

Asalinta daga Latin ne, princeps, wato na farko ko na kan gaba. Babu maganar ɗan sarki a cikinta. Su kansu 'ya'yan sarkin Faransa ba da ita aka fi saninsu ba. Magajin gadon sarauta Dauphin ake ce masa, ƙannensa kuma ana kiransu 'ya'yan Faransa, kowa da laƙabin da aka ba shi: wannan duc na Orléans, wancan comte na Artois. A tsarin muƙaman da sarki ke bayarwa, duc ne a ƙololuwa, sannan sauran su biyo baya. (Suna furta shi kusan kamar "duk" ɗinmu, shi ya sa na bar shi da rubutunsu don kada mu rikice.)

To ina prince ya shigo? Ta ƙofofi da yawa. Akwai dangin sarki na jini, irin gidan Condé da na Conti. Akwai waɗanda ake kira yarimomin waje, gidajen da kakanninsu suka taɓa mulkin wata ƙasa ko suke da'awar haka, irin su Guise da Rohan. Akwai kuma filaye da tun zamanin da ake kiransu ƙasar prince, wanda ya mallaki filin ya ɗauki sunan. Irin wannan manyan gidaje kan rataya wa ɗan fari kafin ya gaji uba: magajin duc na La Rochefoucauld prince na Marcillac ne, har ranar da aka binne tsohon. Napoleon ma ya raba nasa ga janar-janar ɗinsa da sunayen filayen daga, Ney ya samu Moskowa, Berthier ya samu Wagram. Ta gidan Broglie daban ce: daga waje aka aiko musu da ita.

Su ma baƙi ne tun farko. Broglia ne sunansu a garin Chieri na yankin Piedmont, arewacin Italiya ta yau. A 1643 wani soja daga cikinsu, Francesco Maria, ya shiga aikin sarkin Faransa zamanin da babban minista Mazarin ke riƙe da ragamar mulki. Sunan ya koma Broglie a rubuce, a baki kuwa "Broy" suke cewa, abin da ke tuntuɓar da baƙo har gobe. Gida ne na takobi. Ɗa da jika da tattaɓa-kunne, su uku a jere, kowa ya kai muƙamin mashal, ƙarshen girma a sojan Faransa. A 1742 Sarki Louis na 15 ya naɗa jikan, François-Marie, duc, aka kuma sauya wa garinsu na Chambrais da ke Normandi suna ya koma Broglie.

Laƙabin prince a bakin daga aka samo shi. Lokacin Yaƙin Shekara Bakwai, Faransa tana ƙawance da Austiriya. Ran 13 ga Afrilu 1759, a Bergen kusa da Frankfurt, duc na biyu, Victor-François, ya kori rundunar Ferdinand na Brunswick. Tukuicinsa ya zo ta hannu biyu a shekarar: sarkinsa ya ba shi sandar mashal, sarkin sarakunan daular Jamusawa da ake kira Daular Rum Mai Tsarki, Francis na 1, ya naɗa shi prince na daular.

A nan ne duka maganar take, domin sarautun biyu ba hanya ɗaya suke bi wajen gado ba. Duc na Faransa kujera ɗaya ce, mutum ɗaya ke hawanta, kuma babu masu zaɓe kamar yadda muka sani a masarautunmu, inda ake duba 'ya'yan sarki a ɗauki wanda ya dace. Ɗan fari namiji na aure shi ke gada, ko da kuwa ƙaninsa ya fi shi komai. In babu ɗa, a koma kan ƙane, in babu, a bi jijiyar maza har a samu mafi kusa. Na Jamusawa kuwa kamar sunan gida yake: duk wanda ya fito ta tsatson maza na wanda aka naɗa, namiji prince ne, mace princesse, haka ma matan da suka auro. Saboda haka a kowane zamani duc na Broglie ɗaya ne tak, yarimomin Broglie kuwa sai a cika zaure da su. Abin da kowa a gida yake da shi ba zai kai wanda mutum ɗaya ke riƙe da shi daraja ba, ko da sunansa ya fi daɗin ji.

Tarihin gidan ya nuna haka fiye da sau ɗaya. Babban ɗan mashal Victor-François, wato Charles-Louis-Victor, ya yi yaƙin 'yancin Amurka, ya dawo ya goyi bayan juyin juya halin Faransa, alhali uban, wanda shi ne ministan yaƙi na 'yan kwanaki a Yulin 1789, ya tsere ƙasar waje. Goyon bayan bai cece shi ba, aka fille masa kai a 1794. Ya mutu yana prince. Uban ya ƙara shekara goma a duniya, ya rasu a Münster a 1804, sai kujerar ta tsallake kabarin ɗa ta faɗa kan jika, Victor, wanda ya zama firaminista a 1835. Wanda ya je gidan tarihi na Metropolitan a New York zai ga wata mace da mai zane Ingres ya zana, sanye da doguwar riga shuɗiya mai sheƙi, ta jingina da kujera ruwan ɗorawa. Princesse de Broglie ce, matar Albert, ɗan Victor ɗin nan. Ta rasu a 1860, mijin bai gaji ubansa ba sai 1870, don haka ba ta taɓa zama matar duc ba. Albert ɗin ma ya riƙe firaminista sau biyu, kuma shi ne kakan Maurice da Louis. Louis ƙane ne, kusan shekara 68 ya yi yana prince kafin layi ya zo kansa. Bai yi aure ba, da ya rasu a 1987 sai aka lalubo wani ɗan uwa na nesa, Victor-François, ya zama na takwas. Shi ma da ya rasu a 2012 ƙaninsa ya karɓa.

Mai tambaya zai ce, ba jamhuriya ce Faransa ba? Ita ce. An soke laƙabobin gado a watan Yuni 1790, Napoleon ya kafa nasa a 1808, sarakunan da suka dawo a 1814 suka farfaɗo da na da, aka sake sokewa a 1848, aka sake dawo da su a 1852. Daga nan ba a ƙara taɓa su ba, sai dai tun 1870 an daina ba da sababbi. Yau doka tana kallon laƙabi a matsayin jelar suna: magaji zai iya kai takardunsa Ma'aikatar Shari'a a tantance, a ba shi izinin amfani da shi, amma ba ya ɗauke masa haraji, ba ya ba shi ko taku ɗaya na ƙasa. Laƙabin da ya fito daga sarkin waje kuwa yana buƙatar izini na daban, abin da ya sa prince da yawa a Faransa ladabi da al'ada kawai ke riƙe da su. Daular da ta naɗa na Broglie ma ta rushe tun 1806.

A ganina, "yarima" tana aiki in ana maganar gidan Condé, waɗanda a zamaninsu jinin sarki ke jikinsu kuma suna cikin layin gado. Ga ɗan gidan Broglie, kalmar tana ɗora masa abin da ba shi da shi, domin babu gadon mulkin da yake jira. Mai fassara gara ya bar prince yadda take ya ƙara bayani na layi ɗaya.

Wanda jama'a suka fi sani a cikinsu yanzu shi ne Louis Albert de Broglie, ƙanin duc na tara, da ake yi wa laƙabi da prince mai lambu. A gidan sarauta na La Bourdaisière, kusa da birnin Tours, ya tara ɗaruruwan irin tumatir, ja da rawaya da kore da mai ratsi-ratsi, masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗin shiga su zagaya kunya-kunya suna kallo.