Duba aikin malamai da masu ba da shawara

Duba aiki, a fagen koyarwa da ba da shawara, tsari ne na haɗa ma'aikaci da wanda ya fi shi gogewa a sana'ar, su riƙa zama lokaci zuwa lokaci suna bitar yadda aikin ke tafiya. Malamin aji da mai ba da shawara ga masu damuwar zuciya sun yi tarayya a abu guda: da zarar an rufe ƙofa, ba mai ganin abin da suke yi sai ɗalibai ko wanda ya kawo damuwarsa, su kuwa waɗannan ba kasafai suke iya cewa an yi musu ba daidai ba. A ƙasar Hausa an fi sanin mai wannan aiki da sufeto ko mai duba makarantu, sunan da ya fi karkata ga bincike da kama laifi. Horarwa da tallafa wa ma'aikaci su ma suna cikin aikin, kuma yawancin tarihinsa ja-in-ja ne tsakanin waɗannan fuskoki biyu.

Sufetocin farko

A Ingila an naɗa sufetocin makarantu biyu na farko a ƙarshen 1839, wato John Allen da Hugh Seymour Tremenheere, bayan gwamnati ta fara ba makarantun ƙungiyoyin addini tallafin kuɗi. Umarnin da aka ba su a 1840 ya nuna cewa taimako aka tura su yi, ba iko ba. Wannan manufa ba ta yi nisa ba. A 1862 Robert Lowe, jami'in gwamnati mai kula da ilimi, ya kawo tsarin biyan makaranta gwargwadon sakamakon yara. Kowane yaro na iya jawo wa makarantarsa sule 12 a shekara: sule 4 na zuwa makaranta, sule 8 na cin jarrabawar karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. Duk darasin da yaro ya faɗi sai a zaftare sule 2 da kwabo 8. Tun da abincin malami ya rataya a kan rana ɗaya a shekara, sai koyarwa ta koma hadda da maimaici, ranar zuwan sufeto kuma ta zama ranar fargaba. Marubuci Matthew Arnold, wanda ya yi aikin sufeto daga 1851 zuwa 1886, yana cikin waɗanda suka yi ta sukar tsarin. An janye shi a hankali, ya ƙare wajen ƙarshen shekarun 1890.

Afirka ta Yamma

Turawan mulkin mallaka sun taho da wannan salo. Dokar ilimi ta 1882 ta samar da muƙamin sufeton makarantu na yankunan Birtaniya a Afirka ta Yamma, aka ba Metcalfe Sunter, shugaban kwalejin Fourah Bay ta Saliyo. Mutum ɗaya ke nan aka ɗora wa makarantun da ke warwatse a gaɓar teku tun daga Gambiya har Legas, a zamanin da jirgin ruwa ne kaɗai abin hawa tsakaninsu. Henry Carr ya zama ƙaramin sufeto a Legas a 1889, ya kai cikakken sufeto a 1892.

A Nijeriya, dokar ilimi ta Lugard ta 1916 ta fayyace ma'aunin da sufeto zai bi kafin a ba makaranta tallafi: kashi 40 cikin 100 na sakamakon jarrabawa da ci gaban ɗalibai, kashi 30 na ladabi da tarbiyya da tsarin makaranta, kashi 20 na yawan malamai da ƙwazonsu, kashi 10 na gini da kayan aiki da tsabta. Wato malamin kansa kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da ake dubawa. Gwamnatin tarayyar Nijeriya ta kafa nata sashen sufetoci a 1973.

Tsarin Harvard

Sauyi mafi tasiri a ɓangaren malamai ya fito ne daga jami'ar Harvard ta Amurka, wajen tsakiya zuwa ƙarshen shekarun 1950. Morris Cogan da abokan aikinsa suna duba ɗaliban da ke koyarwar gwaji, sai suka lura cewa nasihar da suke yi musu bayan darasi ba ta sauya komai. Suka ari salon likitoci, inda babba da ƙarami suke duba majinyaci tare sannan su tattauna a kan abin da idonsu ya gani. Robert Goldhammer ya rubuta tsarin a 1969 da matakai biyar, Cogan kuma ya fitar da nasa a 1973 da matakai takwas.

A tsarin Goldhammer, ana fara zama kafin darasi, malami ya faɗi abin da yake nufin cim ma da kuma abin da yake so a lura masa da shi. Sai mai dubawa ya shiga aji ya rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru, ba tare da yabo ko zargi ba. Daga nan ya keɓe ya yi nazarin rubutun, ya zaɓi abu biyu ko uku da suka cancanci magana. Sai su sake zama da malamin. Mataki na biyar shi ne wanda aka fi tsallakewa: mai dubawa ya juyo kan kansa, ya auna yadda ya tafiyar da zaman.

A wannan zamani ne Ned Flanders ya ƙirƙiro ma'aunin maganar aji mai rukuni 10, bakwai na maganar malami, biyu na ɗalibai, ɗaya na shiru ko hayaniya. Mai dubawa yana sa lamba ɗaya duk bayan daƙiƙa uku. Daga irin wannan ƙidaya aka samo abin da ake kira ƙa'idar biyu bisa uku: kusan kashi biyu cikin uku na lokacin aji magana ake yi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na maganar malami ne ke yin ta.

Masu ba da shawara

Nan asalin daban ne. Ƙungiyoyin agaji na Landan da Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19, sukan sa ma'aikaci mai albashi ya kula da 'yan sa-kai masu ziyartar gidajen talakawa. Amma tsarin da ya kafu sosai ya fito daga mabiyan Sigmund Freud, likitan da ya ƙirƙiro binciken zuciya, wato warkar da damuwa ta hanyar tattaunawa a kan ɓoyayyun tunanin mutum. A cibiyar da Max Eitingon da Karl Abraham da Ernst Simmel suka buɗe a Berlin a 1920, an shimfiɗa wa mai koyo sharuɗɗa uku: a yi masa nasa binciken zuciya, ya halarci darussa, sannan ya duba majinyata a ƙarƙashin idon gogagge. Taron da aka yi a garin Bad Homburg na Jamus a 1925 ya kafa kwamitin horarwa na ƙasa da ƙasa, Eitingon ne shugabansa. Masanan Budapest, babban birnin Hungary, sun fi son wanda ya binciki mai koyo shi ne zai duba masa aikinsa na farko, tun da ya san rauninsa. Ra'ayin raba ayyukan biyu ne ya yi rinjaye.

Har zuwa lokacin, mai dubawa ba ya jin komai sai abin da ɗalibinsa ya ba shi labari. Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam, ne ya sauya wannan a jami'ar jihar Ohio ta Amurka a farkon shekarun 1940, da ya fara naɗar zaman ba da shawara a faifan garmaho. Da aka gwama faifan da rahoton da masu ba da shawara suka rubuta, sai aka tarar abu mai yawa ya zube, kuma da dama sun fi yawan ba da umarni fiye da yadda suke zato. A 1955 Harold Searles ya bayyana wani abin lura: mai ba da shawara yakan zo wa mai dubawa da irin halin da majinyacinsa ya zo masa da shi, ba tare da ya sani ba. Wanda majinyacinsa ke ƙin karɓar kowace shawara, shi ma sai ya riƙa ture duk abin da aka ce masa.

Rabe-raben aikin

Alfred Kadushin a 1976 ya kasa aikin dubawa gida uku: gudanarwa, ilimantarwa, tallafi. Brigid Proctor ta Birtaniya ta zo da rabo mai kama da wannan a shekarun 1980. Janine Bernard a 1979 ta ce mai dubawa yakan zama malami, ko mai ba da shawara, ko abokin tuntuɓa, gwargwadon bukata. Akwai kuma tsare-tsaren da ke bin matakin gogewar ma'aikaci, kamar na Carl Glickman ga malamai da na Cal Stoltenberg ga masu ba da shawara, duka na 1981.

Halin yanzu

A Birtaniya dubawa ba ta ƙarewa da samun shaida. Ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasar, BACP, tana wajabta wa mambobinta da ta tantance aƙalla sa'a ɗaya da rabi a kowane wata muddin suna aiki. A Amurka an fi tsananta ta lokacin horo: hukumar CACREP, mai tantance kwasa-kwasan horar da masu ba da shawara, tana bukatar sa'o'i 100 na gwajin farko da 600 na sanin makamar aiki, jihohi kuma galibi suna neman sa'o'i 2,000 zuwa 3,000 kafin lasisi.

A Nijeriya ana danganta farkon ba da shawara a makarantu da kwalejin St. Theresa ta Ibadan a 1959, ƙungiyar masu sana'ar kuma ta kafu a 1976. Duba malamai yana hannun ma'aikatun ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB), kuma yanzu an fi kiran sufetoci jami'an tabbatar da inganci. A Nijar malaman firamare na makarantun da ke kusa da juna sukan haɗu a zaman ƙara wa juna sani da ake kira CAPED don bitar darussa.

Saɓani

Babbar muhawarar ita ce ko ya dace wanda ke rubuta rahoton ƙarin girma ya zama shi ne ake kai wa kuka. Wasu na ganin a raba, wasu na cewa ba ma'aikatar da ke da isassun mutane. Binciken da Nicholas Ladany da abokansa suka wallafa a 1996 a kan masu koyon sana'ar 108 ya gano kashi 97 cikin 100 sun ɓoye wa mai dubawa wani abu, ciki har da kurakuransu da kuma ɓacin ransu da shi kansa.